Gina Manhajar Ƙari a Jikin Jadawalin Lissafi, da Abin da Ya Shafi Haruffan Hausa

Malamin da ya ke tattara kalmomi domin nazari, ko wanda ya ke riƙe da makin ɗalibai a kwalejin horon malamai, da wuya a yau ka same shi da kwalin katuna irin na da. Galibi abin da za ka tarar a gabansa shi ne jadawalin lissafi na kwamfuta, watau shafin nan mai gurabu kamar na dara, sahu-sahu a kwance, ginshiƙi-ginshiƙi a tsaye, wanda mafi shahara cikin irinsa shi ne Excel na kamfanin Microsoft. An ƙera wannan jadawali ne domin 'yan kasuwa da akantoci, a wannan fanni kuwa ya yi abin da aka nema gare shi. Amma in aka ɗora masa aikin harshe, sai ya fara nuna halin da ba a zata ba. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda a ke gina wata ƙaramar manhaja a maƙala ta a jikin jadawalin, domin ta yi aikin da masu ƙera shi ba su tanada ba. Za mu kira ta manhajar ƙari. Irin wadda mu ke magana a kanta kuwa ita ce mai mu'amala, watau wadda ta ke nuna wa mai aiki abin da ta gani, ta tambaye shi, ta jira amsa, ba wadda a ke danna mata maɓalli ta yi gaban kanta ba.

Bari mu fara da abin da kowa zai iya jarrabawa da hannunsa. Buɗe sabon shafi, ka rubuta kalmar 'ya'ya a gurbin farko, ka danna maɓallin shigarwa. Abin da zai bayyana shi ne ya'ya. Alamar hamza ta farko ta ɓace, in kuwa ka sa jadawalin ya ƙirga haruffan, biyar zai ba ka, ba shida ba. Dalilin wannan tsoho ne. A cikin Lotus 1-2-3, jadawalin da ya yi tashe kafin Excel, a kan fara rubutu da wata alama domin a nuna inda zai zauna cikin gurbi: alamar hamza ta ce ya jingina hagu, alamar zance ta ce dama, wata mai kama da hula ta ce tsakiya. Excel ya gaji ta farkon. Har yau in ya gan ta a bakin gurbi sai ya ɗauka umurni ne cewa abin da ke biye rubutu ne, ba lamba ba, ya ɓoye ta. Ga Bature wannan ba kome ba ne, domin kalmominsa ba safai su ke farawa da ita ba. Ga Bahaushe kuwa 'ya ta koma ya, 'yar ta koma yar, waɗannan fa kalmomi ne dabam. Muddin fayil ɗin yana nan a siffarsa ta Excel alamar ba ta mutu ba, a ɓoye ta ke. Amma ran da aka fitar da shi zuwa fayil na rubutu zalla, irin wanda a ke kira CSV, domin a kai wa wata manhaja, to, ta tafi ke nan.

Haka kuma mai nazarin jam'i in ya rubuta ɗafa-ƙeya kamar -una ko -ai, jadawali zai ɗauki karan-ɗorin alamar ɗebewa ce, ya nemi wani abu mai suna una domin ya ɗebe shi, ya rasa, sai ya cika gurbin da saƙon kuskure. Wannan da sauƙi, tun da ɓarnar a fili ta ke. Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Masana ƙwayoyin halitta sun daɗe suna fama da shi, domin jadawalin ya kan mai da sunaye irin su SEPT2 da MARCH1 kwanan wata. Wani bincike na 2016 ya sami irin wannan kuskure a cikin kusan kashi ɗaya cikin biyar na takardun da aka duba, har a 2020 kwamitin da ke sa wa ƙwayoyin suna ya sauya sunayen waɗansu domin a huta. Su sun iya sauya suna. Mu kuwa ba mu iya sauya kalmomin Hausa domin jadawali ya ji daɗi.

Matsala ta uku ita ce mafi girma a sassan nazarin Hausa. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa, an yi dabarar buga haruffa masu lanƙwasa ta hanyar zubin haruffa na musamman. A cikin irin wannan zubi an ɗauki maɓallan baka da makamantansu an sa musu siffar haruffanmu. Ido yana ganin ɗ, amma abin da kwamfuta ta ajiye shi ne ]. Haka } ya tsaya a madadin ƙ, ~ a madadin ɓ, { a madadin Ƙ, [ a madadin Ɗ. Dabara ce mai kyau a zamaninta, an kuwa buga littattafai da kundaye masu yawa da ita. Sai dai in fayil ya faɗa kwamfutar da ba ta da zubin, ko aka kwafe rubutun zuwa jadawali, abin da za ka gani shi ne wa]anda da }asa da ~angare. Wanda ya gaji jerin kalmomi dubu goma masu irin wannan siffa ba zai gyara su da hannu ba. A nan manhajar ƙari ta ke shigowa.

Asalin abin

Jadawalin lissafi na farko da ya shiga hannun jama'a shi ne VisiCalc, wanda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a Amurka cikin 1979 domin kwamfutar Apple II. Lotus 1-2-3 ya biyo baya a farkon 1983, shi ne kuwa ya yaɗa abin da a ke kira makro: mutum ya jera maɓallan da ya saba dannawa, ya rubuta su cikin gurabu, ya ba su suna, in ya kira su sai jadawali ya danna da kansa. Excel ya fito a 1985 a kan Macintosh, a 1987 ya shiga Windows. A 1993, cikin fitowarsa ta biyar, aka sa masa cikakken harshen umurni mai suna VBA. Daga nan duk mai ɗan haƙuri ya sami ikon rubuta umurnansa, ya zana akwatin tambaya mai maɓallai, ya ajiye su a fayil guda ya raba wa abokan aiki. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, har yanzu kuwa ofisoshi da yawa a duniya da shi su ke aiki.

Ƙarfin VBA shi ne kusanci. A ɗaki ɗaya ya ke zaune da jadawali, abin da ya nema nan take ya ke samu. Rauninsa ma daga nan ya fito, domin umurnin da ya iya taɓa gurbi ya iya taɓa sauran fayilolin kwamfuta. A 1996 aka ga ƙwayar cuta ta farko mai bin makro na Excel, wadda aka sa wa suna Laroux, daga nan kuwa ɓarayi ba su bar wannan ƙofa ba, har a 2022 Microsoft ya mai da toshe makro na fayilolin da suka zo ta intanet shi ne ƙa'ida. Ban da wannan, VBA ba ya aiki a Excel na cikin burauza, ko na iPad. Akwai kuma wani aibi da ya shafe mu kai tsaye: wurin da a ke rubuta umurnansa bai san Unicode ba. In ka manna ƙ a ciki, alamar tambaya za ka gani. Dole sai dai ka kira harafin da lambarsa, ka rubuta ChrW(409) inda ka ke nufin ƙ, 599 ga ɗ, 595 ga ɓ. Yana yiwuwa, amma wanda zai karanta umurnin bayanka ya sha wuya.

Tare da Office 2013 aka kawo wata hanya dabam, ita ce kuwa za mu bi a sauran takardar.

Sassan ginin

Manhajar ƙari ta wannan zamani abu biyu ce. Na farko shafin intanet ne, ba bambanci da sauran shafuka: HTML domin ƙashin ginin, CSS domin ado, JavaScript domin aiki. A kan ajiye shi a wata kwamfuta mai adireshi, kuma wajibi ne adireshin ya zama irin mai kulle, watau mai farawa da https. Na biyu ɗan fayil ne da za mu kira takardar shaida, wanda aka saba rubutawa da XML. A cikinta a ke faɗin sunan manhajar, da wanda ya gina ta, da lambar da ta bambanta ta da kowace, da adireshin shafin, da irin iznin da ta ke nema a kan jadawali, da maɓallan da za a ƙara a zirin nan na sama. Takardar shaida kaɗai a ke miƙa wa Excel. Sa'ad da mai aiki ya danna maɓallin, sai Excel ya buɗe wata siririyar taga a gefen dama, ya ɗauko shafin daga adireshinsa ya nuna a ciki. Tagar nan ƙaramar burauza ce, shi ya sa gini ɗaya ya kan yi aiki a Windows da Macintosh da iPad da kuma Excel na intanet.

Wanda ya taɓa gina shafin intanet ba zai ga baƙon abu a nan ba. Wanda bai taɓa ba, akwai wata manhajar ƙari ta Microsoft mai suna Script Lab da za ta bar shi ya rubuta ɗan umurni ya jarraba a cikin tagar ba tare da ya tanadi adireshi ko takardar shaida ba, da ita ya kamata ya fara. Wannan ɓangare ba shi ne mai wuya ba, don haka ba za mu daɗe a kansa ba.

Tazarar da ke tsakani

Abin da ke rikita mai koyo, musamman wanda ya saba da VBA, shi ne wannan: shafin da ke cikin taga ba ya riƙe da jadawali. An raba su da gangan, domin kada abin da ya lalace a taga ya ja jadawali ƙasa, kuma kada baƙon umurni ya sami hanyar shiga fayilolin kwamfuta. Tsakaninsu sai aike. In kuwa Excel na intanet ne, aiken yana iya zama tafiya ce ta gaske, zuwa wata kwamfuta a wata nahiya da dawowa.

Ga yadda aiken ke gudana. Magini ya rubuta cewa yana son gurabun A1 zuwa A500. Abin da ya samu ba gurabun ba ne, wakilinsu ne kurum, fanko, ba kome a cikinsa. Sa'an nan ya kira umurnin load, ya faɗi abin da ya ke so a karanto, alal misali abin da ke rubuce cikin gurabun. Har yanzu ba abin da ya motsa, an dai rubuta buƙatar an sa a layi. Sai ya kira umurnin sync. A nan ne a ke tattara duk abin da ke layi a aika gaba ɗaya, manhaja ta dakata har amsa ta dawo, sa'an nan wakilin ya cika. Wanda ya manta da load, ko ya nemi abin kafin sync ya dawo, saƙon kuskure zai samu cewa ba a ɗauko abin ba tukuna. Kusan babu magini da bai faɗa wannan rami a makonsa na fari ba. Rubutu ma haka ne: abin da ka ce a zuba cikin gurbi ba ya zuba sai an yi sync.

Mai gidan da ya aiki yaro kasuwa sayen gishiri, ya dawo ya sake aikensa barkono, ya dawo ya sake aikensa daddawa, ba za a ci tuwo da wuri a gidansa ba. A ƙaddara kowane aike yana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Jerin kalmomi dubu goma, in aka karanta kowace ita kaɗai aka kuma rubuta ta ita kaɗai, aike dubu ashirin ke nan, watau daƙiƙa dubu biyu, fiye da rabin sa'a. In kuwa aka karanto ginshiƙin duka a aike ɗaya, aka yi gyaran a cikin taga, aka mai da shi a aike na biyu, kafin mai aiki ya ɗauke hannu daga maɓalli an gama. Ƙa'idar ita ce kada a sa sync a cikin umurnin da ke maimaituwa. Amma fa kaya ma yana da iyaka. A Excel na intanet aike ɗaya ba ya wuce megabait 5, kuma ba a karanto gurbi fiye da miliyan 5 a tashi ɗaya, alhali shafi guda, tun daga fitowar 2007, yana da sahu 1,048,576 da ginshiƙi 16,384. Don haka ba a cewa a karanto ginshiƙi tun daga sama har ƙasa. Sai a nemi iyakar wurin da aka yi rubutu, in ya yi yawa a yanka shi gida-gida.

Akwai wani tarko a wajen mayarwa, shi kuwa ba ya ƙara. Gurbi yana iya ƙunsar ƙa'idar lissafi, kamar wadda ke haɗa makin jarrabawa, alhali abin da ido ke gani sakamakon ne. In manhaja ta karanto sakamakon gurabu ɗari biyar, ta gyara uku, ta mai da ɗari biyar ɗin duka, to, ta shafe ƙa'idojin ta bar matattun lambobi a madadinsu. Shafin zai yi kama da yadda ya ke jiya, sai ran da malami ya sauya maki ɗaya ya ga jimla ba ta motsa ba, in ma ya lura. Maganinsa yana cikin tsarin: duk gurbin da aka sa wa null a cikin abin da a ke mayarwa, Excel ba ya taɓa shi. Magini mai hankali null ya ke sa wa kowane gurbi, ban da waɗanda ya gyara.

Dalilin tambaya

Mu koma ga jerin kalmomin nan mai wa]anda da }asa. Mai gaggawa zai ce ai aikin layi biyar ne: duk inda aka ga ] a mai da shi ɗ, duk inda aka ga } a mai da shi ƙ, shi ke nan. Da jerin sunayen kayan shago ne, da ya yi gaskiya. Amma jerin masanin harshe ne. A cikinsa baka mai kusurwa tana da aikinta na asali, domin cikinta a ke rubuta furuci, kamar [sh] ko [ts]. Alamar ~ kuma ita a ke sawa tsakanin siffofi biyu na kalma ɗaya, kamar fuska ~ huska. Makauniyar manhaja za ta mai da [sh] ya zama Ɗshɗ, ta dasa ɓ tsakanin fuska da huska, ta yi haka a wuri ɗari biyu da ke warwatse cikin dubu goma, ta kuma ba da labari cewa aiki ya kammala lafiya.

Ana iya rage wannan da dabara. Alamar ~ mai fili a gaba da baya ba harafi ba ce. Baka da ta buɗe ta kuma rufe a ƙarshen kalma, da alama baka ce ta gaske, tun da kalmar Hausa ba ta ƙarewa da ɗ. Amma dabara ba ta ƙare shakka. Kalmar [an a farkon jimla Ɗan ce, ko kuwa furuci ne da aka manta ba a rufe bakarsa ba? Kalmar ya a jerin da ya taɓa bi ta CSV, ya ce tun asali, ko kuwa 'ya ce da ta rasa hamzarta? Babu umurnin da zai san wannan. Wanda ya tattara kalmomin shi ya sani.

Saboda haka aikin tagar gefe, a ganina, ba gyara ba ne da fari, rarrabewa ne. Ta karanto jerin, ta kasa abin da ta samu kashi biyu: wanda babu shakka a kansa, da wanda ke da shakka. Na farko ta faɗi adadinsa ta nuna misalai kaɗan, ta nemi izni sau ɗaya. Na biyu ta kawo shi ɗaya bayan ɗaya, da siffar da ya ke ciki da siffar da ta ke zato, da maɓallin yarda da na ƙi. In mai aiki ya danna kalma a taga, manhaja ta zaɓi gurbinta a jadawali domin ya ga sahun duka, da ma'ana da misalin jimla, kafin ya yanke hukunci. Wurin hamzar farko kuwa kada ta mai da alamar nan ta maɓalli, domin za a sake haɗiye ta. Unicode ya tanadi wata mai lamba 700, wadda ya lissafa cikin haruffa ba cikin alamomin rubutu ba, jadawali kuwa ba ya taɓa ta. In rubutun na Nijar ne, inda a ke rubuta ƴ a wurin da Nijeriya ke rubuta 'y, sai a ba mai aiki zaɓi tun farko, kada a zaɓa masa.

Mai aiki ya saba cewa in ya yi kuskure zai danna umurnin janyewa abu ya koma yadda ya ke. Makro na VBA, in ya sauya wani abu a shafi, ya kan shafe wannan tarihin janyewa gaba ɗaya, har da abin da mutum ya yi da hannunsa kafin nan. Kowace hanya magini ya bi, kada ya dogara da janyewa. Abin da ya fi aminci shi ne manhaja ta rubuta gyaranta a sabon ginshiƙi kusa da tsohon, ko ta kwafe shafin ta ajiye kafin ta taɓa shi. Ginshiƙi ɗaya na ƙari ba ya cin kome. Kalmomin da aka yi shekara uku ana tattarawa daga bakin tsofaffi kuwa ba su da wani kwafi a kasuwa.

Mu'amala ba daga taga kaɗai ta ke tasowa ba. Manhaja tana iya yin rajista a sanar da ita duk sa'ad da wani abu ya auku a shafi, kamar sauya abin da ke cikin gurbi, ko matsawa daga wannan gurbi zuwa wancan. Da wannan za ta iya lura nan take cewa an rubuta kalma mai shakka, ta yi magana tun mai aiki bai wuce ba. Sai dai a kula: in aka sanar da ita an sauya gurbi, ita kuma ta gyara gurbin, gyaran nata ma sauyi ne, za a sake sanar da ita, ta sake gyarawa, abin ya zama ba ƙarshe. A kan kashe sanarwar kafin a yi rubutu, a kunna ta bayan an gama. Wanda ya kashe ya manta bai kunna ba, manhajarsa za ta yi shiru kamar ta mutu. Ni dai na fi son wadda ke sa launi a gurbi ta bar shi, da wadda ke sauya rubutu a ƙarƙashin hannun mai bugawa.

Jerawa bisa abacada

Bayan gyara sai jerawa. In aka bar JavaScript ya jera kalmomi yadda ya saba, lambar harafi ya ke bi. Lambar z 122 ce, ta ƙ kuwa 409, don haka ƙasa za ta faɗo bayan zuma, ɓera da ɗaki ma can ƙarshe. Ƙungiyar Unicode tana da taskar ƙa'idojin harsuna mai suna CLDR, a ciki kuwa akwai tsarin Hausa: ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k, sh bayan s, ts bayan t, 'y bayan y. A kan kira shi ta umurnin Intl.Collator, a ba shi alamar ha. Amma ba a wajabta wa kowace burauza ta ɗauki tsarin kowane harshe ba, in kuwa ba ta da shi sai ta koma ga harshen da aka saita ta a kai, ba ta ce uffan ba. Lalle magini ya tambaye ta tukuna, ko kuwa ya rubuta jerin abacadar da kansa, wanda bai fi layi kaɗan ba. Yin haka yana da wata fa'ida. A tsarin CLDR suna tana gaban shanu, domin sh harafi ne mai zaman kansa. Wani malami zai fi son shanu ta riga, kamar yadda ɗalibin da ya saba da ƙamus na Turanci zai nema. Wannan hukunci ne na ilmi, ba na kwamfuta ba, wurinsa kuwa akwatin zaɓi a cikin taga.

Mai sa alamar karin sauti da tsawon wasali yana da ƙarin aiki. Harafin à ana iya ajiye shi da lamba ɗaya, ana kuma iya ajiye shi da biyu, a da alamarta. Ido ba ya bambanta su, kwamfuta kuwa tana ganin kalmomi biyu ne. Umurnin normalize ya kan daidaita su, da shi ya kamata a fara kafin kowane irin kwatantawa.

Ita jerawar kanta, bai kyautu manhaja ta ɗebo kalmomi ta jera ta mayar ba, domin in ta motsa ginshiƙi ɗaya ta bar sauran, kowace kalma ta rabu da ma'anarta ke nan. Hanya mafi sauƙi ita ce ta rubuta lambar matsayin kowace kalma a sabon ginshiƙi, sa'an nan Excel ya jera sahun duka bisa lambar, aikin da ya gwanance a kai. Tsarin ma ya yarda magini ya ƙirƙiri sabuwar ƙa'idar lissafi mai sunan da ya ga dama, a riƙa rubuta ta cikin gurbi kamar yadda a ke rubuta ta jimla, ta ba da mabuɗin jerawa na kalmar da ke kusa da ita.

Wajen rabawa

Jadawalin Google, wanda ya fito a 2006, yana da tasa hanyar mai suna Apps Script, ita ma JavaScript ce, amma a kwamfutocin Google ta ke gudana. Darasin aike bai sauya ba: a karanto da yawa, a mayar da yawa, domin umurnin da ya wuce minti 6 yanke shi a ke yi, ƙa'idar lissafi ta ƙirƙira kuwa daƙiƙa 30 kurum aka ba ta. LibreOffice, wanda kyauta ne, yana karɓar ƙari da aka rubuta da Basic ko Python.

Manhajar da aka gama tana isa ga mutane ta hanya uku. Magini ya ɗora takardar shaida a kwamfutarsa da hannu domin gwaji, ko mai kula da kwamfutocin jami'a ya tura ta ga ma'aikata gaba ɗaya, ko a kai ta kasuwar manhajoji ta Microsoft a duba ta a saka. Tun da shafin a adireshinsa ya ke zaune, magini yana iya gyara kuskure yau kowa ya sami gyaran gobe ba tare da ya sake ɗora kome ba. Wannan alheri ne, amma yana nufin abin da malami ya amince da shi bara yana iya sauyawa bana bai sani ba. Kuma manhajar da ba ta iya shiga fayilolin kwamfuta tana iya aika abin da ta karanta a jadawali zuwa kwamfutar mai ita. Kafin a buɗe shafin makin ɗalibai a gaban manhajar da ba a san magininta ba, ya kamata shugaban sashe ya tambayi ina adireshinta ya ke, wa kuma ke riƙe da shi.

Saura batun intanet. Tagar gefe daga adireshi ta ke ɗauko shafinta, in hanya ta yanke kuwa tana iya buɗewa fanko. Ga kwalejin da ke wurin da sadarwa ba ta tabbata, wannan ba ƙaramin aibi ba ne, tsohon fayil na VBA kuwa, duk da lambobinsa na ChrW, a kebul ɗin ajiya a ke ɗaukarsa ya yi aiki ko a ƙauye. In duk kwamfutocin sashe Windows ne, aikin kuma na mutum biyar ne da suka san juna, ban ga laifin bin tsohuwar hanya ba, in dai an gina akwatin tambayar an kuma ajiye ginshiƙin asali. In kuwa masu tattara kalmomin suna warwatse tsakanin Kano da Zariya da Yamai, kowa da irin na'urarsa, suna aiki a fayil ɗaya ta intanet, to, sabuwar hanya ce za ta ɗauke su duka.